Alamar sufana a tablon mota: abin da take nufi da yadda ake goge ta bayan an yi juye

Direbobi da yawa a gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela sun saba da wata ƴar alama da ke kamawa a tablon mota. A wasu motocin hoton sufana ne, a wasu kuma rubutu ne irin su MAINT REQD, SERVICE ko InSP. Wani yakan tsorata ya ajiye motar, yana zaton injin ya lalace. Wani kuma yakan shiga garaji ya ba yaron makanike na shan ruwa ya kashe masa ita, ya ci gaba da tafiya da tsohon mai. Dukansu ba su fahimci aikin alamar ba, amma na biyun ne zai iya wayar gari da injin da ya buga.

Mene ne aikin wannan alama?

Alamar tuni ce. Tana gaya wa mai mota cewa lokacin kula da ita ya yi, musamman juyen baƙin mai, wanda a garajojinmu ake cewa bidanj, tare da sauya filtar mai da duba sauran sassa. Kamawarta ba ta nufin wani abu ya lalace. Kuma a mafi yawan motocin da ke yawo a yankin nan, alamar ba ta san halin da man yake ciki ba. Lissafi kawai take yi tun daga ranar da aka goge ta.

Kamfanin BMW na Jamus na cikin waɗanda suka fara saka irin wannan tuni, a farkon shekarun 1980. General Motors na Amurka ya fito da tsarinsa na ƙiyasta ƙarfin mai a 1988, Mercedes kuma ta kawo nata mai suna ASSYST a 1997. Yau kusan kowace sabuwar mota tana da shi. Da yake yawancin motocinmu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar ruwan Kwatano ko Lome, kowace tana zuwa da irin lissafin ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Iri uku na lissafi

Na farko shi ne mai ƙirga nisan tafiya kawai. Toyota Corolla, Camry, RAV4 da Highlander da suka fito daga Amurka haka suke. Idan motar ta ci mil 4.500 bayan gogewa ta ƙarshe, MAINT REQD takan yi ƙyaftawa na ƴan daƙiƙu duk lokacin da aka murɗa makulli. Idan ta wuce mil 5.000 sai ta tsaya a kunne.

Na biyu yana haɗa nisa da lokaci. Yawancin motocin Turai, kamar Peugeot, Citroën, Opel da Volkswagen, suna kunna alamar idan kilomitan sun cika ko kuma watannin sun cika, duk wanda ya riga. A Peugeot, da an murɗa makulli sufanar takan fito tare da adadin kilomitan da suka rage. Idan wa'adin ya wuce, sai ta riƙa ƙyaftawa, lambar kuma ta zo da ƴar sanda a gabanta, alamar cewa an ci bashin kilomita.

Na uku yana ƙiyasi ne daga yadda aka yi amfani da injin: yawan juyawarsa, zafinsa, da tsawon kowace tafiya. Honda tun daga wajen 2006 tana nuna ƙarfin mai da kaso cikin ɗari. Idan ya sauko 15% sai sufana ta kama, a 5% ana son a yi aikin nan take, 0% kuma an makara. Tana kuma nuna harafi da lamba. A na nufin juyen mai, B na nufin mai da filta da duba birki da sauran sassa. Lamba 1 sauya wa tayoyi wuri, 2 filtar iska, 3 man giya, 4 fulogi, 5 ruwan lagireto. Mercedes tana nuna sufana ɗaya idan ƙaramin aiki ne, wato Service A, sufana biyu idan babba ne, wato Service B.

Ko wannan iri na ukun ɗauka yake an zuba man da kamfanin ya ƙayyade. Idan man awo ne da aka saya a kwalba marar tambari a bakin hanya, lissafinsa ya tashi a banza.

Kada a haɗa ta da waɗannan fitilu

Nan ne kuskure ya fi tsada. Akwai fitilu huɗu da ake yawan rikitawa da alamar tuni.

Jar fitila mai hoton butar mai da ɗigo a bakinta tana nufin ƙarfin turin mai a cikin injin ya faɗi. Idan ta kama ana cikin tafiya, a sauka gefen hanya a kashe injin nan take, ko da tsakanin Tsarnawa da Badagishiri ne, ba gari kusa. Injin da ke juyawa babu mai yakan lalace cikin ƴan mintoci. A jira kaɗan, a zaro sandar awon mai a duba. Idan man ya yi ƙasa a ƙara. Idan man yana nan amma fitilar ba ta mutu ba, kada a sake tada motar, a nemi mai ja. Wannan fitila ba a goge ta, sai an gyara abin da ya kunna ta. A wasu motocin Turai akwai irin butar nan ruwan ɗorawa, ita kuma tana nufin man ya ragu, a ƙara da wuri.

Fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji tana nufin kwamfutar motar ta ga matsala ta ajiye lambarta. Motocin Amurka tun daga 1996, na Turai masu shan fetur tun daga 2001, masu shan gazuwal kuma tun daga 2004, duk suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura a karanta lambar. Idan fitilar a tsaye take, ana iya lallaɓawa zuwa garaji. Idan ƙyaftawa take yi, injin yana tsallake wuta, a rage gudu a tsaya da wuri.

Jar fitila mai hoton ma'aunin zafi a cikin ruwa tana nufin injin ya yi zafi fiye da kima. A tsaya, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce.

A motocin gazuwal kamar Hilux, Hiace da Land Cruiser akwai fitilar filtar gazuwal, wadda ke kamawa idan ruwa ya taru a gindin filtar. A tsiyaye ruwan da wuri, domin yana lalata famfon gazuwal, wanda gyaransa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ja, a tsaya; ruwan ɗorawa, a duba da wuri; kore ko shuɗi, sanarwa ce kawai.

Me ya sa bai kamata a jira ta kama ba a yankinmu?

An tsara wa'adin waɗannan alamomi ne bisa hanyoyin kwalta masu tsabta da yanayi mai sanyi. Wasu Peugeot masu shan fetur, kamar 206, an saita su a Faransa kan kilomita 30.000 ko shekara 2. Wanda zai bi wannan adadi a jihar Tawa, injinsa ba zai yi tsawon rai ba.

Kamfanonin da kansu sun rubuta a littafin mota cewa akwai yanayi mai tsanani da ke buƙatar rage wa'adin, sau da yawa zuwa rabi. Abubuwan da suka lissafa su ne tafiya cikin ƙura, ɗaukar kaya mai nauyi ko jan tirela, barin inji a kunne a tsaye na tsawon lokaci, da yawan gajerun tafiye-tafiye. Mota a nan da wuya ta kuɓuce wa biyu daga cikinsu.

Ƙurar hunturu tana ɗaukar watanni tun daga Nuwamba, kuma da zarar an sauka daga kwaltar RN1 ko ta hanyar Tawa zuwa ƙauyuka, jar ƙasa ce da rairayi. Ƙurar da ta wuce filtar iska takan shiga mai ta zama kamar sanfefa tana cin ƙarfen injin. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma zafi yana gaggauta tsufan mai. Ƙananan motocin da ke ɗaukar buhunan albasar Galmi ko siminti daga Malbaza sukan ɗauki fiye da ƙarfinsu. Motar da ta daɗe a layi a kan iyaka tsakanin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato, injin a kunne saboda na'urar sanyi, tana ƙona ƙarfin mai alhali ma'aunin kilomita bai motsa ba. Alamar da ke ƙirga nisa ba ta ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, mai ƙiyasi ma ba ta ganin ƙura.

Misalai biyu za su nuna bambancin. Motar haya da ke zuwa Tawa daga Ƙonni ta dawo kullum, kimanin kilomita 130 kowace tafiya, tana cin kilomita 5.000 cikin ƙasa da sati uku. Ma'aikacin da ke yin kilomita 10 a rana a cikin garin Malbaza da Corolla ƴar Amurka kuwa, sai ya shafe fiye da shekara 2 kafin MAINT REQD ta kama masa, alhali littafin Toyota ya ce da mai na gama-gari a yi juye duk mil 5.000 ko wata 6, duk wanda ya riga. Man da ya daɗe a inji yana tara danshi da burbushin fetur ko da motar ba ta yi nisa ba.

Saboda haka, ga motar da ke aiki cikin ƙura da zafi da mai na gama-gari, kilomita 5.000 ko wata 6 ma'auni ne mai aminci. Mai amfani da man sintetik na ainihi yana iya ƙarawa, gwargwadon abin da littafin motarsa ya tanada wa yanayi mai tsanani. Filtar iska kuma a riƙa duba ta a kowane juye, lokacin hunturu ma fiye da haka.

Mil ne ko kilomita?

Motocin da suka fito daga Amurka da Ingila da mil suke ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1,6 ne. Mil 5.000 ya haura kilomita 8.000 kaɗan. Direban da aka ce masa ya dawo bayan 5.000, ya kuma bi lambar tablon motar Amurka, ya ƙara kilomita 3.000 a kan abin da ake nufi ba tare da ya sani ba. A irin wannan mota, kilomita 5.000 daidai yake da mil 3.100. A duba ma'aunin gudu: idan manyan lambobin suna da MPH, motar da mil take ƙirga.

Kafin a goge

Gogewa ita ce mataki na ƙarshe, bayan an gama aikin. A tabbatar an zubar da tsohon mai injin yana da ɗumi, an sa sabuwar filta, an zuba mai daidai irin wanda aka rubuta a murfin mai ko a littafi, kamar 5W-30, 10W-40 ko 15W-40, daga galan mai hatimi. A tada injin na minti ɗaya ko biyu a ga jar fitilar mai ta mutu, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, sannan a kashe a sake duba sandar awo. Sai a zo kan alamar.

A duk bayanan da ke ƙasa, idan an ce a kunna tablo, ana nufin a murɗa makulli har fitilun tablo su kama ba tare da an tada injin ba. A motar da ake tadawa da madanni, a danna shi sau biyu ba tare da taka birki ba. Motar ta kasance a tsaye. Madannin tafiya kuma shi ne ɗan tsinken nan ko madannin da ke jikin tablo, wanda ake mayar da ƙirgen gajeriyar tafiya sifili da shi.

Toyota mai MAINT REQD

1. A kunna tablo, a danna madannin tafiya har allon ya nuna TRIP A. A wasu tsofaffin ƙira, kamar Corolla ta kafin 2009, ODO ake bari.
2. A kashe makulli.
3. A danna madannin a riƙe, sannan a kunna tablo ana riƙe da shi.
4. Wasu ƴan sanduna za su fito su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sai sifilai su bayyana. A saki.

Idan bai yi da TRIP A ba, a gwada da ODO. A sababbin Toyota masu allo, da madannan sitiyari ake shiga saitin mota, a zaɓi Scheduled Maintenance a amince.

Peugeot da Citroën masu sufana, irin su 206, 307, Partner da Berlingo

1. A kashe makulli.
2. A danna madannin tafiya a riƙe.
3. A kunna tablo. Allon zai fara ƙirge daga 10 yana sauka.
4. Idan ya nuna =0 a saki. Sufanar za ta ɓace.

Idan za a cire batir bayan wannan, a kulle motar a jira aƙalla minti 5, in ba haka ba gogewar ba za ta zauna ba.

Honda

A tsofaffin Accord, Civic da CR-V na kafin 2006, a kashe makulli, a riƙe madannin tafiya, a kunna tablo, a ci gaba da riƙewa kimanin daƙiƙa 10 har fitilar ta mutu. A masu nuna kaso, a kunna tablo, a danna madannin har kason mai ya fito, a riƙe kimanin daƙiƙa 10 har ya fara ƙyaftawa, a saki, a sake riƙewa kimanin daƙiƙa 5 har ya koma 100%.

Opel mai InSP, kamar Astra G da Zafira ta farko

A kashe makulli, a riƙe madannin tafiya, a kunna tablo. InSP zai yi ƙyaftawa. A ci gaba da riƙewa har ƴan sanduna su maye gurbinsa, sannan a saki.

Volkswagen Golf 4

A kashe makulli, a riƙe madannin tafiya na dama, a kunna tablo, a saki, sannan a murɗa tsinken saita agogo zuwa dama. A Golf mai dogon wa'adi, gogewa da hannu tana mayar da ita kan kilomita 15.000 ko shekara 1. Wannan ba asara ba ce a nan, domin ko shi ya yi yawa.

Mercedes na ƙarshen shekarun 1990, masu ASSYST

A kunna tablo, a danna madannin tafiya sau biyu da sauri har sufana ta fito. Cikin daƙiƙa 10 a kashe makulli, a riƙe madannin, a sake kunna tablo, a ci gaba da riƙewa kimanin daƙiƙa 10 har a ji ƙara, sabon adadi ya bayyana. Sababbin ƙira da madannan sitiyari ake yi.

Idan ta ƙi gogewa

Yawanci ɗayan abu uku ne: an tada injin maimakon kunna tablo kawai, an saki madannin da wuri, ko allon yana kan ƙirgen da ba shi ba. A kashe a sake farawa cikin natsuwa. Ƙira ɗaya ma tana iya bambanta daga shekara zuwa shekara, don haka littafin motar ne alƙali. Wasu sababbin motoci sai an jona musu na'ura a garaji. Cire kan batir ba ya goge wannan lissafi a mafi yawan motoci, sai dai ya kulle rediyo ko ya ɓata agogo.

T-BELT: tunin da ba a wasa da shi

Hilux, Hiace da Land Cruiser masu gazuwal da yawa suna da fitila mai rubutun T-BELT. Ita ma ƙirge take yi, amma na bel ɗin taimin, wanda da Faransanci ake kira courroie de distribution. Takan kama a kilomita 100.000 a tsofaffin injuna, 150.000 a na baya-bayan nan. Wannan bel shi ke daidaita motsin bawul da fistin. Idan ya tsinke ana tafiya, sukan yi karo, kuma aikin ya zama na sauke kan inji. Wanda ya goge wannan fitila bai sauya bel ba, ya kashe mai gadin da zai tashe shi, domin ba za ta sake kamawa ba sai an ci wani cikakken wa'adi. Masu Hiace da ke ɗaukar fasinja zuwa Yamai, tafiyar kilomita sama da 400, su ne suka fi kowa buƙatar kiyaye wannan. Sababbin Hilux daga 2015 masu injin GD da sarƙa suke aiki, ba bel ba.

Ga mai sayen mota

Tablon da babu fitila ko ɗaya a kunne ba shaida ba ce cewa an kula da mota, tunda gogewa ba ta wuce minti ɗaya. Akwai gwaji mai sauƙi. A kunna tablo ba tare da tada injin ba: fitilar butar mai, ta inji da ta batir dole su kama. Idan ɗaya ba ta kama ba, ko ƙwan ya mutu, ko an cire shi, ko an rufe shi da baƙin salatif. Sai a tada injin a ga sun mutu. A buɗe murfin mai a duba ƙarƙashinsa. Baƙin kitse mai kauri alamar an daɗe ba a yi juye ba, farin kumfa mai kama da madara kuma yana iya nuna ruwa yana haɗuwa da mai.

Duk wanda ya sayi mota ta hannu, ko daga dillali ko daga wani, ya ɗauka bai san ranar juyen ƙarshe ba. Ya sauya mai da filtoci, ya sauya bel ɗin taimin idan motar mai bel ce kuma babu takardar da ta nuna an yi, sannan ya goge alamar domin lissafi ya fara daga hannunsa.

Ƙaramin littafi a aljihun mota

Tunda alamar tablo ba ta san ƙurar Adar ba, mai mota yana buƙatar lissafin kansa. Ƙaramin littafi ya isa. A kowane juye a rubuta kwanan wata, lambar da ke tablo, irin man da aka zuba, filtocin da aka sauya, da lambar da za a dawo. Wasu garajoji suna rataya ƴar takarda kusa da sitiyari mai ɗauke da wannan bayani, kuma yana da kyau a nemi a yi haka. Mai motar da ya ba direba haya ko kamasho ya riƙa duba littafin da kansa, ya kuma zaro sandar awo ya ga launin man. Ranar da za a sayar da motar, wannan littafi yana ƙara mata daraja.

Idan an yi juye kafin alamar ta kama, a goge ta a lokacin, domin ƙirgenta ya tafi tare da na littafin. Idan kuma ta kama alhali littafin ya nuna ba a daɗe da yin juye ba, mantawa aka yi ba a goge ta ba, sai a bi matakan da ke sama.